Kundi Ɗaya, Kwafi Tara

Har kwanan nan, kwafi tara nake da su na kundin waƙa guda ɗaya. Kundin shi ne The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, wanda aka naɗa a ɗakin naɗar sauti na Abbey Road da ke Landan, ya fito a watan Maris na 1973. Tsawonsa duka-duka minti 43 ne. Ina yaro na fara jinsa a Kaduna, a falon wani kawuna da ya yi karatu a Ingila ya dawo da garmaho da akwatin faifai. Har yau in na ji bugun zuciyar nan da ke buɗe kundin, ko agogunan da ke ɓarkewa da ƙara lokaci guda, sai tsigar jikina ta tashi. Na faɗi haka tun da wuri don kada a ɗauka maganar wanda bai san daɗin abin ba ce. Ina son kundin nan, kuma son ne ya sa na yi shekara goma sha ɗaya ina farautar kowane bugu nasa da aka ce ya fi na baya.

Akwai CD ɗin Japan na 1983, wanda masu tarawa ke kira mai baƙar kusurwa uku saboda zanen da ke fuskar faifan. Akwai na zinare da kamfanin Mobile Fidelity ya buga a 1988, da na cika shekara ashirin a 1993, da SACD na 2003. Daga babban akwatin 2011 ina da biyu: sabon gyaran da James Guthrie ya yi, da haɗin lasifika huɗu na Alan Parsons, injiniyan da ya naɗi kundin tun asali. Sai na cika shekara hamsin a 2023, sai kuma biyu da wasu suka kwafo daga faifan garmaho. A watan jiya na ɗauki biro da takarda na zauna in ga abin da taran nan suka ci mini, da abin da suka ba ni.

Sai an fahimci abin da ake nufi da sauti marar ragi kafin lissafin ya yi ma'ana. Da Sony da Philips suka fito da faifan CD a 1982, tsarin da suka tsayar shi ne a ɗebi sautin sau 44,100 a kowane sakan, kowane ɗiba a rubuta shi da bit 16, hagu daban dama daban. Jimla kilobit 1,411 ke nan a sakan, wato megabait goma da ɗoriya a minti. Kundin nawa a haka ya kai megabait 450. MP3, wanda ya fito daga cibiyar Fraunhofer ta Jamus, aikin tela yake yi: ya sa almakashi ya yanke duk abin da ya ƙiyasta kunne ba zai lura da shi ba, ya zubar, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. A mafi kyawun matakinsa, kilobit 320, kundin yakan koma megabait ɗari. A kilobit 128, kusan arba'in. FLAC kuwa, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001 kuma kyauta ne ga kowa, ninke shadda yake yi, ba ya yanka. Girman ya ragu zuwa rabi da 'yan kai, in aka warware kuma ko zare ɗaya bai ɓata ba.

Zuwa nan ba ni da ja. Mutum ya mallaki kundin da yake so a cikakkiyar surarsa ta CD abu ne mai ma'ana, megabait 270 kuwa ba ta kashe kowa. Rigimar tana farawa ne daga inda aka ce CD ma bai isa ba, sai an hau manyan lambobi: bit 24, ɗiba 96,000 ko 192,000 a sakan, ko tsarin DSD na faifan SACD da ke ɗiba sama da sau miliyan biyu da dubu ɗari takwas.

Nauyi shi ne kuɗin farko da ake biya. Kamfanin Apple, da ya buɗe sauti marar ragi ga masu biyansa a watan Yuni na 2021, shi da kansa ya bayar da ƙiyasi: waƙar minti uku tana cin megabait 6 a tsarinsa na yau da kullum, 36 a marar ragi, 145 a matakin ƙoli na 24 da 192,000. Giga goma da za ta ɗauki waƙa 3,000 sai ta koma ɗaukar 200. Kwafina tara sun haɗu giga takwas da ɗoriya, a kan kiɗan minti 43. Wanda ke zaune inda intanet ke shiga gida ta waya ba iyaka ba zai ji wannan ba. Mu da ke sayen data giga-giga muna ji a jika, balle tun da Hukumar Sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashi a watan Janairu na 2025. Ga kuma katsewar layi: fayil mai giga biyu ya kai kashi casa'in ya tsaya, a sake daga farko. Kuɗin sayen kwafin kansa da dala ake biya. Kundi ɗaya a manyan lambobi yakan kai dala ashirin, akwatin 2023 kuwa kusan dala 300 aka sa masa, daga baya kuma dala ta haura naira 1,500 a 2024.

To an sauke, da me za a ji? Nan ne da yawa suke tafka asara ba su sani ba. Kusan duk abin sawa a kunne da ke aiki da Bluetooth, sai wayar ta matse sautin kafin ta aika masa. Tsarin da yawancinsu ke amfani da shi bai wuce kilobit 330 ba, na Sony mai suna LDAC da ake yabo ya tsaya a 990, CD kuwa 1,411 yake. Apple ma ya faɗa a fili cewa ta Bluetooth AirPods ɗinsa ba sa isar da sauti marar ragi. Ma'ana, mutum ya ƙona data ya sauke shadda cikakkiya, a bakin ƙofar kunnensa tela ya sake sa mata almakashi. Mafita ita ce hedifon mai igiya, ga shi kuma wayoyin hannu da yawa sun daina zuwa da ramin jona shi tun da iPhone 7 ya buɗe wannan hanya a 2016. Sai a sayi 'yar na'urar da ke mayar da lambobi sauti, ita kuma ta nemi amfilifaya, amfilifaya ta nemi hedifon da ya dace da ita, kowanne da dala, kowanne sai an yi sautu daga waje. Haɗin lasifika huɗu na Alan Parsons yana rumbuna shekara da shekaru, ban taɓa jinsa yadda aka yi shi don a ji ba, domin ban taɓa mallakar lasifika huɗu masu kama ɗaya da ɗakin da za a jera su ba.

Ɗakin ma kansa kuɗi ne, kuma shi ne wanda ba a sayarwa a kanti. Abin da yawan bit ke ƙarawa shi ne tazarar da ke tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi. Bit 16 na bayar da kusan desibel 96, bit 24 kusan 144. Ɗaki mai tsit sosai, tsakar dare, yana da hayaniyarsa ta kusan desibel 30. In kana so ka ji ƙasan CD a irin wannan ɗaki, dole samansa ya kai desibel 126, inda kunne ke fara zafi. Na bit 24 kuwa ba kunnen da zai tsira daga samansa. Wannan a ɗaki mai tsit ke nan. Nawa ɗakin a Kano yana da fanka da ke juyawa wata takwas a shekara, da janaretan maƙwabci a bayan taga, da injin markaɗe a kan kwana, da 'yan adaidaita sahu da ba sa gajiya da oda. Kuma kar a manta, kundin 1973 a kan zaren tef aka naɗe shi, tef kuwa yana da nasa shuuu ɗin da ke can sama da ƙasan CD. Ƙarin bit takwas ɗin da na biya, shuuu ɗin tef suke rubutawa dalla-dalla.

Yawan ɗiba kuma kaifin sauti yake ƙarawa. Ƙa'idar lissafin, wadda ke ɗauke da sunan Nyquist da Shannon, ta nuna cewa ana iya adana duk sautin da girgizarsa ba ta kai rabin yawan ɗiban ba. CD ke nan yana riƙe har girgiza 22,050 a sakan. Kunnen yaro lafiyayye yana kaiwa 20,000, daga nan sai raguwa da shekaru. Na gwada nawa ina da shekara 47: a wajen 14,500 sautin ya ɓace mini ɗif, ina kallon allon yana nuna ana bugawa. Fayil mai ɗiba 192,000 yana adana har 96,000. Wannan yankin jemage ne.

Masana sun gwada abin ba sau ɗaya ba. A 2007 Brad Meyer da David Moran, na ƙungiyar masu sha'awar sauti ta Boston, suka buga sakamakon gwajin da suka shafe kimanin shekara suna yi. Suna kunna SACD da DVD mai manyan lambobi, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci su bi da sautin ta na'urar da ke sauke shi zuwa matakin CD, mai sauraro bai san wanne ake ba shi ba. A gwaji 554 an dace sau 276, ƙasa kaɗan da rabi, daidai da abin da jefa kwabo zai bayar. An soki aikin, an ce wasu faifan da suka yi amfani da su ba su ɗauke da abin da ya wuce CD tun asali, kuma sukan tana da tushe. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary ta Landan ya tattara gwaje-gwaje 18 ya haɗa sakamakonsu, ya samu an dace kashi 52 da ɗigo cikin ɗari, waɗanda aka horar kuma suna kaiwa wajen kashi 60. Masu tarawa suna son kawo wannan a matsayin hujjarsu. Ni ma na yarda da shi, sai dai ina karanta shi yadda yake: a ɗakin gwaji, da kayan ƙwararru, bambancin ya rinjayi jefa kwabo da kashi biyu. Ba wannan ne aka yi mini alkawari ba lokacin da ake cewa labule zai yaye in ga mawaƙan a gabana.

Gani ya kori ji, don haka na yi nawa gwajin. Cikin hunturun bara ne, da sanyi ya sa aka kashe fanka, wajen ƙarfe biyu na dare bayan janaretocin unguwa sun yi shiru. Ƙanena ya zauna a gaban kwamfuta, ni na juya wa allon baya da hedifon a kai. Akwai manhaja da ke ba ka A, ta ba ka B, sannan ta ba ka na uku a ɓoye ka faɗi wanne ne, bayan an daidaita ƙarfinsu, domin kunne yakan zaɓi wanda ya ɗara ƙara ko da kaɗan ne ya ce shi ya fi kyau. Muka fara da MP3 mai 128 da FLAC. Sau 16, na dace 15. Kugen ganga yana yin wani ruwa-ruwa da ba ya ɓuya. Muka hau 320, na dace tara. Sannan muka ɗauki fayil ɗin 2023 mai 192,000, muka sauke kwafinsa zuwa matakin CD, muka gwada shi da uwarsa.

"Wannan babban ne," na ce. "Ji yadda ƙarar agogon ke daɗewa a iska."

"Yaya, ka tabbata? In sake maka?"

"Na tabbata."

Ya yi shiru ya danna. Da muka gama ya juyo da allon: bakwai cikin 16. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda na ji daɗewar nan a iska da kunnena, ba ƙarya na yi ba, kuma a kan ƙaramin fayil na ji ta.

Mai tarawa zai ce, to ai kwafin naka tara ba su yi kama ɗaya ba, kowa ya saurara zai ji. Gaskiyarsa. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya tsamar da shi ba yawan lambobi ba ne. Kafin kowane bugu ya fito, wani injiniya yakan ɗauko tef ɗin asali ko kwafinsa, ya ɗora a kan wata na'ura, ya ƙara ƙasa ko ya rage sama, ya matse ko ya sake. Wannan gyaran ƙarshe shi ne ke bambanta bugu da bugu, kuma bambancinsa yana fitowa ko a MP3. Kundin Kind of Blue na Miles Davis ya fito a 1959, aka yi shekara talatin da 'yan kai ana jin waƙoƙi uku na gefen farko da sauri kaɗan fiye da yadda aka busa su, saboda na'urar naɗin ta yi jinkiri ranar. Sai a 1992 aka gyara. A 2008 masoya Metallica suka gano cewa waƙoƙin kundin Death Magnetic sun fi daɗin ji a cikin wasan bidiyo na Guitar Hero fiye da kan CD, domin na CD an matse shi don ya yi ƙara har ya riƙa tsagewa. CD ɗin nan marar ragi ne ɗari bisa ɗari. Rashin ragi yana tabbatar maka cewa abin da injiniya ya yi ya iso gare ka cif, mai kyau ne ko marar kyau.

Ni kaina na yi shekara biyu ina fifita kwafin Japan na 1983 saboda wani haske da nake ji a samansa. Daga baya na fahimci cewa wasu CD na farko-farko, har da wannan, an buga su da ƙarin kaifi da gangan, na'urar kunna CD ce ke sauke shi yayin da take bugawa. Wanda ya kwafo faifan zuwa kwamfuta bai sauke ba. Hasken da na so kuskure ne. Da na gyara, ya zama kwafi mai taushi da daɗi, kusa ƙwarai da na zinaren 1988.

Akwai kuma kuɗin yarda, wanda shi ya fi ciwo in ya faɗi. Mobile Fidelity kamfani ne da masu tarawa suka ɗauka tamkar ma'auni, yana sayar da faifan garmaho a kan dala ɗari da ɗoriya bisa fahimtar cewa daga tef ɗin asali ake yanka su kai tsaye, lambobin kwamfuta ba su shiga tsakani ba. Da ya sanar zai buga kwafi 40,000 na Thriller ɗin Michael Jackson, mutane suka fara tambaya: wane tef ne zai jure a yi ta juya shi haka? A watan Yuli na 2022 wani mai kantin faifai a birnin Phoenix ya tayar da maganar, injiniyoyin kamfanin suka amsa cewa sun daɗe suna kwafe tef ɗin zuwa DSD su yanka daga nan. Aka kai ƙara, aka yi sulhun da aka ƙiyasta a dala miliyan 25. Abin lura a nan shi ne shekarun da aka yi ana yabon faifan nan da cewa suna da ɗumin da lambobi ba sa iya bayarwa, ba kunne ɗaya da ya kama. Mawaƙi Neil Young ya tara sama da dala miliyan shida a 2014 daga hannun masoya don na'urarsa Pono, mai dala 399. Kafin shekara uku kasuwar ta watse. Tsarin MQA, da aka tallata a matsayin sautin ɗakin naɗi na ainihi alhali yana da nasa ragin, kamfaninsa ya durƙushe a 2023, dandalin sauraron waƙoƙi na Tidal ya daina amfani da shi a 2024, aka bar waɗanda suka sayi na'urori dominsa riƙe da su.

Waɗannan manyan kamfanoni ke nan da ke da adireshi. A ƙasa da su sayen kifi a ruwa ake yi. Kowa na iya ɗaukar MP3 ya mayar da shi FLAC; girman zai kumbura, sunan zai canza, abin da aka yanke ba zai dawo ba. Na taɓa sayen wani kundi daga wani kanti na intanet da ke tallar manyan lambobi. Wata uku ina jinsa ina gamsuwa, ran nan na buɗe shi a manhajar da ke zana hoton sauti. A daidai girgiza 16,000 zanen ya yanke a miƙe kamar an sa wuƙa, sama da nan baƙi ƙirin. Wannan tambarin MP3 mai 128 ne. Na rubuta musu sau biyu, ko gaisuwa ba su mayar ba.

Ba zan tsallake maganar haƙƙi ba. Cikin taran nan huɗu na saya, biyar a hannun abokai na kwafa, kuma ba ni da wani suna da zan kira wannan da ya wuce ɗaukar abin da ban biya ba. Yawancin tsofaffin bugun an daina yin su, to amma rashin samun abu a kanti ba ya mayar da shi naka. Harkar tarawa tana saba wa mutum da kau da kai daga wannan.

Ajiyar ma ba ta tsaya a rumbu ɗaya ba. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi bayan an ɗauke, rumbun ajiyata na farko ya yi ƙas-ƙas sau uku ya mutu da tarin shekara huɗu a cikinsa. Tun daga nan komai sau biyu nake ajiyewa, wato kowace giga kuɗin biyu take ci, ga na'urar daidaita wuta, ga zafi da ƙurar da ke rage wa kayan kwana.

Duk waɗannan da naira ake ƙirga su, kuma naira tana dawowa. Wanda na kasa rubuta wa adadi a takardar shi ne abin da ya faru da sauraron kansa. Kundin nan an gina shi ne a ji shi a zama ɗaya, kowace waƙa tana zubawa cikin ta gaba ba tsayawa, daga bugun zuciya a koma bugun zuciya. Mai kwafi tara ba ya jinsa haka. Yana da wuraren gwaji: sakan talatin na agogo, sakan ashirin na ƙarar kuɗi da akwatin ciniki, da gaɓar da Clare Torry ke ɗaga murya ba kalma ko ɗaya, muryar da ta sa ni hawaye ina ɗan shekara sha biyar. Na mayar da ita abin awon kaifi. In kunna, in tsayar, in sauya kwafi, in mayar baya. Wata Asabar ina cikin haka da lasifika, 'yata mai shekara tara da ke aikin makaranta a kan tabarma ta ɗago kai ta ce, "Baba, ita wannan waƙar ba ta da ƙarshe ne? Kullum a nan kake tsayar da matar." Na nemi ranar ƙarshe da na ji kundin daga farko har ƙarshe ba tare da hannuna a kan linzamin kwamfuta ba. Na kasa tunawa. Ya fi shekara biyar.

Duk da haka ban fita daga lissafin nan ina ƙin FLAC ba, domin akwai wurin da rashinsa ke yi mana ɓarna kullum. A ranar 1 ga Yuni 2008 gobara ta cinye wani rumbun kamfanin Universal a Hollywood. Binciken da mujallar New York Times ta buga a 2019 ya ce tef na asali sama da dubu ɗari ne suka ƙone, ko da yake kamfanin ya ce an zuzuta adadin. The Dark Side of the Moon ba ya cikin irin wannan haɗari: miliyoyin kwafinsa na warwatse a duniya, in nawa tara suka ɓace ba abin da ya ragu. Amma je ka wurin masu turi a kasuwa ka ce a zuba maka Mamman Shata, ko Musa Ɗanƙwairo, ko Ɗan Maraya Jos, ko Barmani Choge. Abin da za ka samu an kwafo shi daga kaset ɗin da ya gaji, aka matse shi ƙanƙane don ya shiga memori, wani ya sake matsewa ya tura ta WhatsApp, wani ya ɗora a bidiyo aka sake ciro shi. Kowane zagaye tela yana ƙara yanka. Kalangu ya koma kamar ana buga kwali a cikin rijiya, amshin 'yan amshi ya dunƙule ba a rarrabe muryoyi. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Ba wanda zai sake shiga ɗakin naɗi. FLAC kuwa ko sau dubu aka kwafe shi daga hannu zuwa hannu, na dubun daidai yake da na farko. A wurin ɗaukar sauti daga tsohon tef ne ma bit 24 ke da aiki na gaske, domin yana ba mai aikin sarari ya ɗauka ba tare da tsoron tsagewa ba, ya yi gyara daga baya. Ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, shi take ba da shawara a kai.

A ɗakin mahaifiyata akwai wata tsohuwar jakar fata da kaset 34 na marigayi mahaifinmu. Shekara goma sha ɗaya ina sauke giga-giga daga Landan da Tokyo, jakar nan tana ƙarƙashin gado zafin Kano yana cin ta. Na goge kwafi shida cikin tara. Na bar na Japan da na gyara, da na 2011 a matakin CD, da na lasifika huɗu ko Allah zai sa wata rana in ji shi. Na'urar da na saya don jin manyan lambobi ashe tana da ramin shigar da sauti, sai na jona ta da wani tsohon dek da na samo a Sabon Gari.

Kaset na farko Shata ne, an naɗo daga rediyo, har da muryar mai gabatarwa. Na biyu zaren ya manne, na buɗe shi da ƙaramin sukudireba na sauya masa gida. Na uku ba rubutu a jikinsa. Da ya fara juyawa sai shuuu mai yawa, sai hayaniyar mata, sai guɗa, sai wata murya tana ba da umarni a kawo tabarmi. Mahaifiyata tana bakin ƙofa da carbi a hannu. Ta shigo ta zauna a gefen gado, ta ce in mayar baya kaɗan.

"Wannan Inna ce," ta ce. "Ranar sunanka ne. Waccan mai dariyar kuma Goggonku ce ta Zariya."

Ban taɓa jin muryar kakata ba, ta rasu ina da shekara biyu. Muka bar shi ya tafi har ƙarshen gefen, minti talatin, ba wanda ya taɓa komai. Fayil ɗin ya fito megabait ɗari uku da wani abu, na ajiye shi a rumbu biyu, na tura wa ƙanena na uku. Saura kaset 31, kuma robar da ke juya dek ɗin ta fara santsi, mai gyara ya ce in dawo ranar Laraba ya ga ko zai samo wata.